Yadda Ake Gwada Samfurin Kwamfuta: Daga Balan-balan na Tamale Zuwa Ƙanƙarar Girinlan

1.0 Gabatarwa

Mai sayen hatsi ba ya saurin yarda da mudun da bai sani ba. Kafin a soma awo sai ya ɗauke shi ya jujjuya, ya duba ko an buga gindinsa ya shige ciki, wani lokaci ma ya gwada shi da nasa. Wannan takarda za ta yi bayani ne a kan irin wannan gwaji, sai dai mudun da za a duba a nan na lissafi ne, wato abin da masana kimiyya suke amfani da shi cikin kwamfuta domin su yi hasashen damina, da narkewar ƙanƙara, da kuma tashin ruwan teku. Za a fara da wani aiki da aka yi a birnin Tamale na arewacin Gana a shekarar 2006, domin a can ne abin ya fi kusa da mu, daga nan a wuce zuwa ƙasashen ƙanƙara.

A kasuwa, kalmar samfuri tana nufin ɗan abin da ake nuna wa mai saye ya ga irin kayan. A wannan takarda kuwa an yi amfani da ita da ma'anar kwaikwayon duniya da aka gina da lissafi. Masana sukan raba sararin sama da ƙasa da teku gida-gida, kamar guraben dara, su ba kowane gida adadin zafinsa da laimarsa da ƙarfin iskarsa. Daga nan sai kwamfuta ta bi ƙa'idojin kimiyya ta lissafa abin da zai fita daga wannan gida ya shiga na kusa da shi cikin 'yan mintoci, ta maimaita, ta sake maimaitawa, har a kai gobe, ko a kai shekara 100. Matsalar ita ce girman gidajen. A shekarun 2000 faɗin gida ɗaya a samfuran sauyin yanayi yakan kai kilomita 200 zuwa 300, alhali gajimaren da ke haifar da hadari bai wuce 'yan kilomitoci ba. Duk abin da ya kasa gida ɗaya girma, samfuri ba ya ganinsa, sai dai a ƙiyasta masa. A wajen wannan ƙiyasi ne mafi yawan kurakurai suke ɓuya.

2.0 Tamale a shekarar 2006

Tamale ita ce hedikwatar Jihar Arewa ta Gana, a ƙasar Dagomba, kimanin kilomita 600 arewa da Accra. Hausawa sun daɗe da sanin wannan yanki tun zamanin fataucin goro zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, kuma har yau Hausa ce ake ji a zangon birnin. Damina ɗaya ake yi a shekara, ba biyu irin ta kudancin Gana ba. Takan faro wajen Afrilu ko Mayu ta ƙare a Oktoba, ruwan da ake samu kuwa ya kai kimanin milimita 1,100. Manomin masara ko doya ko gyaɗa a nan, idan daminar ta ɓaci, ba shi da wata ta biyu da zai jira.

Ga masana yanayi, muhimmancin Tamale yana ga inda take zaune. A watan Mayu da farkon Yuni ruwa ya fi ƙarfi a gaɓar teku. A ƙarshen Yuni sai layin ruwan ya yi tsalle zuwa arewa, daga wajen digiri 5 zuwa wajen digiri 10, kuma Tamale tana tsakanin digiri 9 da 10. Wasu masana biyu na Faransa, Benjamin Sultan da Serge Janicot, sun nuna a 2003 cewa wannan tsalle yakan faru ne a matsakaici wajen 24 ga Yuni. A 2006 ya makara da kusan kwana 10.

A wannan shekara ce wani babban shirin bincike na ƙasa da ƙasa ya kai ƙololuwarsa. Masanan Faransa ne suka assasa shi, aka taƙaita sunansa da haruffan AMMA. Bahaushe zai yi murmushi da wannan suna, kuma ya dace da aikin, domin kusan duk abin da aka gano sai da aka bi shi da "amma". Kafin shirin, Afirka ta Yamma tana cikin wuraren da aka fi ƙarancin awon sararin sama a duniya. Awon da ake nufi shi ne na balan-balan: a hura shi da iskar gas mara nauyi, a ɗaura masa 'yar na'ura, a sake shi ya hau har kilomita 25 ko 30 kafin ya fashe, na'urar tana aiko da labarin zafi da laima da iska ta rediyo tun daga ƙasa har can. Ƙa'idar duniya ita ce a saki irin wannan balan-balan sau biyu a rana, da 12 na rana da 12 na dare agogon GMT, wanda shi ne agogon Gana.

An kafa tashoshi 5 da wani tsari na musamman: Kwatano a kudu, Yamai a arewa, Abuja a gabas, Tamale a yamma, Parakou ta ƙasar Binin a tsakiya. Hikimar ita ce irin ta masu tsaron ƙofofin birni. Idan an san yawan laimar da iska ta shigo da ita ta kowace ƙofa da wadda ta fita da ita, za a iya lissafa abin da ya rage a ciki, a kwatanta shi da ruwan da ya sauka. Ma'aikatan hukumar yanayi ta Gana ne suka riƙa sakin na Tamale. A wasu makonni na Yuni da Agusta an riƙa saki har sau 8 a rana, wato kowace awa 3, dare da rana. A yankin baki ɗaya an saki balan-balan kimanin 7,000 tsakanin Yuni da Satumba na 2006.

2.1 Mai awo ma sai an auna shi

Bayan balan-balan, an kafa wa Tamale wata na'urar ta biyu a 2006, wato tashar GPS ta dindindin, ɗaya daga cikin 6 da ayarin Olivier Bock ya kafa. Sauran suna Djougou da Yamai da Gao da Wagadugu da Tumbutu. Mai karatu zai iya tambaya, mene ne haɗin na'urar nuna hanya da ruwan sama? Saƙon da tauraron ɗan'adam yake aikowa daga nisan kilomita 20,000 yakan ɗan yi jinkiri idan ya ratsa iska mai laima. Ga direba wannan jinkiri kuskure ne da ake son a kawar. Ga masanin yanayi kuwa shi ne abin nema, domin idan na'urar tana kafe wuri ɗaya, an kuma san inda take daidai, to yawan jinkirin zai faɗi yawan tururin ruwan da ke bisa kanta. Da za a matse dukkan tururin da ke saman gari irin Tamale a tsakiyar damina, zai ba da ruwa mai zurfin kusan santimita 5. Da hunturu yakan sauka ƙasa da santimita 2.

Da aka jera awon GPS da na balan-balan sai aka ga ba su yi daidai ba. Wani tsohon nau'in na'urar balan-balan da tashoshi da yawa na yankin suke amfani da shi yana nuna iska ta fi bushewa a kan yadda take. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da wannan awo ake ciyar da samfuran hasashe kowace rana. Samfurin da aka gaya wa cewa saman Sahel a bushe yake ba zai haɗa hadari ba, sai a zarge shi da laifin da rabinsa na ma'auni ne. Sai da aka gyara alƙaluman tukuna. Haka kuma da yawa daga cikin saƙonnin tashoshin ba su isa cibiyoyin hasashe a kan lokaci ba saboda matsalar sadarwa. Saboda haka cibiyar hasashen yanayi ta Turai da ke Reading a Ingila ta sake lissafa daminar 2006 tun daga farko, da cikakken awo wanda aka gyara.

Sakamakon ya ƙunshi daɗi da ɗaci. Hoton sararin sama da samfurin ya fara da shi ya inganta ƙwarai. Amma bayan kwana ɗaya ko biyu na hasashe sai samfurin ya koma halinsa na da, ribar sabon awon ta zube. Ke nan akwai ciwo a cikin samfurin kansa, wanda ƙarin awo ba zai warkar ba.

2.2 Abin da samfuran suka kasa

Kowane ɗan Arewa ya san yadda hadari yake. Yakan haɗu a gabas da la'asar ko da dare, iska da ƙura su riga shi isowa, ya zubar da ruwa mai ƙarfi, ya wuce yamma. Irin waɗannan manyan hadura, masu tafiyar ɗaruruwan kilomitoci, su ne ke kawo mafi yawan ruwan Sahel. Samfuran da ke ƙiyasta gajimare kuwa sukan sauke ruwansu da tsakar rana, kaɗan-kaɗan, kusan kullum. Jimillar wata tana iya fitowa daidai alhali yadda aka same ta ba daidai ba ne, kamar ɗalibin da ya dace da amsa ta hanyar lissafin da bai inganta ba. A 2013 John Marsham na Jami'ar Leeds da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka ƙanƙanta gidajen har samfuri ya iya gina hadari da kansa, lokacin saukar ruwan yakan koma yamma da dare, kuma tafiyar iskar damina baki ɗaya takan gyaru. Christopher Taylor da ayarinsa sun gano a 2012 cewa hadarin la'asar ya fi son tashi a kan ƙasar da ta fi ta kewayenta bushewa, yayin da samfuran suke yin akasin haka.

A wajen hasashen shekaru masu zuwa abin ya fi tsanani. A 2006 Kerry Cook da Edward Vizy suka gwada samfura 18 da tarihin ƙarni na 20. Wasu daga ciki ba su ma iya shigo da damina cikin ƙasa ba, sun bar ruwan a kan Tekun Gini. Suka zaɓi 3 da suka fi dacewa, suka tambaye su ƙarshen ƙarni na 21. Ɗaya ya ce fari mai tsanani, ɗaya ya ce ƙarin ruwa, na uku ya ce canjin kaɗan ne. A ganina wannan shi ne darasi mafi nauyi a fannin nan: cin jarrabawar jiya sharaɗi ne, amma bai isa ya tabbatar da maganar gobe ba.

An sami ci gaba tun daga lokacin, sai dai a hankali. Wani bincike na Karlsruhe a Jamus ya nuna a 2018 cewa hasashen ruwan gobe da manyan samfuran duniya suke bayarwa a wannan yanki da ƙyar yake fin abin da mutum zai faɗa idan ya duba tarihin ranar kawai. Mutanen arewacin Gana sun san farashin wannan. A 2007 fari ya fara riƙe shuka, sannan ambaliya ta biyo a Agusta da Satumba, ga kuma ruwan da aka saki daga madatsar Bagre ta Burkina Faso ya bi Farin Volta. A 2024 ruwa ya ɗauke makonni a tsakiyar damina, har gwamnati ta hana fitar da hatsi waje a watan Agusta.

3.0 Ƙanƙara da teku

Ƙanƙarar da Bahaushe ya sani ita ce wadda ke faɗowa da ruwan sama ko ta firji. A Girinlan da Antatika kuwa ƙanƙara shimfiɗa ce da ta lulluɓe ƙasa, kaurinta ya kai kilomita 3 a Girinlan, ya haura 4 a wasu sassan Antatika. Ba a tsaye take ba. Nauyinta yana sa ta malala a hankali zuwa teku, kamar tuwo mai laushi da aka kwashe a faranti. Da ta Girinlan za ta narke duka, teku zai tashi da mita 7 da 'yan kai, ta Antatika kuwa kusan mita 58. Ƙanƙara tan biliyan 360 ce ke ɗaga tekun duniya da milimita 1.

Masu samfurin ƙanƙara suna da matsalar da ta fi ta masu damina. Hasashen ruwan gobe, gobe za a san gaskiyarsa, a shekara a sami jarrabawa 365. Ƙanƙara kuwa tana amsawa ne cikin shekaru ɗaruruwa, ingantaccen awonta daga sama bai fara ba sai a 1992, kuma abin da ya fi muhimmanci, wato dutsen da take zamewa a kai da ruwan tekun da ke cin ta daga ƙasa, yana inda ido ba ya kaiwa.

Gwaji na farko shi ne na lissafin kansa. Akan ba samfura da yawa wata ƙanƙara ta ƙage, mai siffa mai sauƙi wadda aka san amsarta, a ga wanda zai dace. An fara irin wannan gasa a Turai a shekarun 1990. Wadda Frank Pattyn na Brussels ya jagoranta, aka buga sakamakonta a 2012, ta duba layin da ƙanƙara take barin dutse ta fara yawo a kan ruwa. Aka tura layin gaba, aka mayar da yanayin yadda yake, aka ga ko zai dawo wurinsa. Samfura masu manyan gidaje suka kasa. Wannan layi kuwa shi ne maƙogwaron Antatika ta Yamma, inda dutsen yake ƙasa da teku kuma yana ƙara zurfi zuwa ciki, abin da John Mercer ya yi gargaɗi a kansa tun 1978.

Gwaji na biyu duniya ce da kanta ta yi shi, ba tare da neman izni ba. A farkon 2002 wani faifan ƙanƙara mai yawo a Antatika, Larsen B, mai faɗin murabba'in kilomita 3,250, ya farfashe cikin kusan wata ɗaya. Kogunan ƙanƙarar da ya tokare suka ƙara gudu, wasu har ninki 8. Samfuran lokacin ba su da wannan a cikinsu. Shi ya sa kwamitin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonsa na 2007, ya ba da tashin teku na santimita 18 zuwa 59, ya kuma faɗa a fili cewa bai sa saurin malalar ƙanƙara cikin lissafin ba. A wannan shekara ta 2002 aka harba tagwayen taurari masu suna GRACE, waɗanda ke auna nauyin abin da ke ƙarƙashinsu ta hanyar canjin tazarar da ke tsakaninsu. Sun yi aiki har 2017, magadansu suka tashi a 2018. Su ne suke auna ƙanƙarar Girinlan, kuma suna ganin cika da raguwar Tafkin Volta. GPS ma, irin ta Tamale, an kafa ta a duwatsun Girinlan da Antatika tana auna yadda ƙasa take ɗagowa idan an sauke mata kaya. Da aka haɗa awon taurari daban-daban, an sami cewa wuraren biyu sun yi asarar ƙanƙara tan biliyan 7,560 tsakanin 1992 da 2020, wato milimita 21 na tashin teku. Da aka gwada samfuran Girinlan na 2020 da wannan awo, yawancinsu sun nuna asarar da ba ta kai wadda aka gani ba.

Gwaji na uku shi ne tsohon tarihi. Shekaru kimanin 125,000 da suka wuce duniya ta yi ɗumi kusan irin na yau, teku kuwa ya fi na yanzu da mita 5 zuwa 10. A 2016 Robert DeConto da David Pollard suka ce samfurinsu bai iya kai wannan adadi ba sai da suka ƙara masa wata ƙa'ida, cewa bangon ƙanƙara idan ya yi tsayi da yawa rushewa yake yi. Da wannan ƙa'ida Antatika ita kaɗai za ta iya ƙara fiye da mita 1 kafin 2100. A 2019 Tamsin Edwards da abokanta suka sake lissafin, suka nuna ana iya dacewa da tsohon tarihin ko ba wannan ƙa'ida, domin awon na da yana da faɗi. Rahoton kwamitin na 2021 ya ba da santimita 28 zuwa 55 idan an rage hayaƙi sosai, da 63 zuwa 101 idan an ƙara shi sosai, ya kuma ce ba za a kore yiwuwar kusan mita 2 ba.

3.1 Daga Keta zuwa Tamale

Tekun duniya ya tashi da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma ma'aunin tashar jiragen ruwa ta Takoradi yana cikin mafi daɗewa a Afirka. A gabashin gaɓar Gana, teku ya cinye babban ɓangare na garin Keta, har da yawancin ganuwar Prinzenstein da mutanen Denmark suka gina a 1784. Ƙauyen Fuveme ya tashi. A Nuwamba 2021 igiyar ruwa ta raba dubban mutane da gidajensu a wannan yanki. A nan ma sai an yi hattara da awo: madatsar Akosombo, da aka gama a 1965, ta tare yashin da Volta yake kai wa gaɓar, saboda haka ba dukkan zaizayar ce za a ɗora wa ƙanƙara ba. Injiniyan da zai gina katangar kariya dai dole ya zaɓi tsayi, kuma tsakanin rabin mita da mita 2 akwai kuɗi masu yawa.

Tamale tana nesa da teku, tana kuma kan tudu, amma ƙanƙarar tana da wata hanyar da za ta iso ta. Ruwan da ke narkewa daga Girinlan ba shi da gishiri. Idan ya yi yawa yana iya raunana babban zagayen ruwan Atlantika da ke kai ɗumi arewa, idan arewacin tekun ya yi sanyi kuwa layin damina yakan ja kudu. Lakar da aka haƙo daga ƙasan teku daura da Senegal ta nuna cewa manyan fare-faren Sahel na zamanin ƙanƙara sun zo ne a lokutan da wannan zagaye ya yi rauni. A 2017 Dimitri Defrance da abokan aikinsa a Faransa suka zuba wa samfurinsu irin wannan ruwa, daidai da tashin teku na rabin mita zuwa mita 3, sai daminar Afirka ta Yamma ta ragu ƙwarai, ƙasar noman gero da dawa ta tsuke. Samfuri ɗaya ne suka yi amfani da shi, yawan ruwan kuma su suka zaɓa, ba samfurin ƙanƙara ne ya ba su ba. Domin a tabbatar da maganar sai an haɗa samfurin ƙanƙara da na teku da na damina wuri ɗaya, kowanne da nasa rauni, sannan a nemo awon da za a gwada su da shi, daga Girinlan har zuwa tashoshi irin ta Tamale.